Harsasan Igwa na Babana

Wata safiyar Asabar cikin watan Rajab, shekarar da na shiga aji uku, ina tsince ciyawa a bakin hanyar ruwa a gonar dabino ta unguwar Awali a Madina, sai fartanyar Baba ta bugi ƙarfe. Ya durƙusa ya tona da yatsu, ya ciro wata tagulla mai tsawon kamu guda, duk ta yi kore. "Kwanson harsashin igwa ne, na lokacin yaƙin Turkawa," ya ce. "Babu albarushi a ciki, kada ki ji tsoro."

Daga ranar Baba ya kamu. Lebura ne daga Maraɗi, bai mallaki komai a Madina ba sai tabarma da rediyo, amma duk Juma'a bayan la'asar yakan bi tsofaffin ramukan yaƙi a bayan unguwar Ƙurban yana duba ƙasa. Ni ke goge abin da ya samo da toka da lemun tsami har in ga fuskata a jiki. Cikin shekara huɗu muka tara goma sha ɗaya, ya jera su kan katako a ɗakinmu na laka. Inna ta so ta riƙa daka citta a cikin ɗaya, ya hana.

Ran nan mai gonar, wanda shi ne kafilin Baba, wato mai tsaya masa a wajen hukuma, ya leƙo neman igiya, idonsa ya sauka a kansu. "Masha Allah, ya Isa! Ai abin da ya fito daga ƙasata nawa ne. Kai su mota." Ɗaya tak aka tono a gonarsa, kuma ya sani. Amma iƙamar Baba, takardar izinin zamansa a ƙasar, tana hannunsa. Baba ya ce, "Hadir, ya Ammi," wato "An gama, Baffa," ya kwashe su da kansa. Na riƙe na ƙarshen ina kuka, ya ɓanɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya bai dube ni ba.

Da Sallah muka je gaisuwa, na gan su a majalisin mutumin, wato falon baƙinsa, yana gaya wa baƙi irin wahalar da ya sha kafin ya tara su. Baba na tsaye yana zuba musu gahawa.

Yau an sare dabinon an yi benaye a wurin, Baba kuma yana kwance a Maraɗi. Jikokina ko Hausa ba sa amsawa da ita, balle su zauna jin wannan labari. Har Baba ya rasu bai ƙara sunkuyawa ya ɗauki wani abu a ƙasar Madina ba.