Makullin Ɗaki na Bakwai

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar wannan Talata, kamar kowace safiya, Mai Makulli ta ɗaga ƙofar shagonta, ta share burbushin tagullar da ya zube jiya a ƙarƙashin inji, ta ɗiga masa mai, sannan ta gyara jerin makullan da ba a yanka ba a kan ƙusoshinsu. Shagon bai fi taki uku ba, a matse tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti.

Shekara ashirin da biyu ke nan tana kan wannan kujera. Mahaifinta ne ya kafa shagon, kuma 'ya'yansa maza biyu ya so ya koya wa aikin. Ita abinci kawai take kawo masa, ta tsaya tana kallo. Mazan suka kama gabansu, ɗaya tuƙin mota, ɗaya aikin ofis, kallon nan nata ya zama gado. Har yau akan sami baƙo ya yi sallama, ya leƙa bayanta, ya tambayi ina mai shagon. Takan nuna masa benci ta ce ya zauna ya jira. In ya gaji da jira, da kansa yake miƙo makullin.

Sana'ar ta koya mata zargi. Ba ta yanka makulli daga zane a takarda, ko daga shatin da aka danna a sabulu. Hannun mutum take dubawa kafin fuskarsa, domin mai abu yakan ciro makullinsa daga cikin 'yan'uwansa, wanda ba nasa ba kuwa yakan zo da shi tilo, a dunƙule cikin tafin hannu. Mijinta yakan ce ko shi ya kawo makullin ɗakinsu, sai ta tambaye shi inda ya samo.

Wajen ƙarfe goma sai ga wakilin wani gidan haya mai hawa biyu da ke bayan tashar mota, mutumin da yake kawo mata aiki a kai a kai. Ya tsawaita gaisuwa fiye da yadda ya saba, sannan ya buɗe tafin hannunsa, ya ce guda ɗaya yake so, yana sauri.

Ta juya makullin. A gindinsa akwai tsagi biyu ƙanana na magagari, alamar da take yi wa duk makullin da ya fita daga hannunta. Ta gane shi. Wata huɗu da suka wuce ita ta sa kuba a ɗaki na bakwai na wannan gida, domin wata malamar asibiti wadda ta yi wata uku tana neman ɗaki, ko'ina ta je a tambaye ta ina mijinta.

Wakili ya ce mai ɗakin ce ta aiko shi, tana wurin aiki. Mai Makulli ta ɗauki waya ta ce bari ta kira ta, ai tana da lambarta. Ya ce a bar ta, kada a dame ta tana kan marasa lafiya. Da ya ga ba ta ajiye wayar ba, sai ya rage murya.

"Hajiya, mace ce ita kaɗai. In wani abu ya same ta a ciki fa? Kuma gidan mutunci ne, dole a san abin da ake ciki."

"Malamin makarantar da ke ɗaki na takwas, shi ma shi kaɗai ne. Kana da nasa?"

"Shi ai namiji ne."

Ta miƙa masa makullin, ta ce irinsa ya ƙare mata. Wakili ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ke bisa kanta, inda irinsa fiye da ashirin suke rataye. Sai ya juya ya nufi hanyar kasuwa. Ta san akwai mai inji a bakin kasuwar wanda ba ya tambayar kowa komai, aikin minti biyar ne.

Mai agogo, wanda kunnensa ba ya barin komai ya wuce, ya leƙo ya ce ta cika sa ido, ta kori mai kawo mata aiki a kan ƙofar da ba tata ba. Wa ya sani, wataƙila ma mutumin da kyakkyawar niyya ya zo. Ta ce wataƙila. Amma har azahar injin yana juyawa hankalinta yana kan wannan ƙofa. Mai gidan ne ya sa shi, ko kuwa shi ya sa kansa? Sauran matan gidan fa, nasu makullan sun riga sun bi ta kasuwa?

Bayan la'asar ta rufe shago da wuri, ta ɗauki akwatin aiki da sabuwar kuba a cikin kwalinta.

Malamar asibiti ta buɗe ƙofa rabi, ko kayan aiki ba ta tuɓe ba. Ta saurara a tsaye. Ta ce lallai da safe ta ba wakili makulli domin mai gyaran famfo ya shiga, kuma ga famfo an gyara, ga makullinta an mayar mata. Idonta ya sauka a kan kwalin da ke hannun baƙuwar.

"Yaya, ko dai yau kasuwa ce ba ta yi ba?"

Mai Makulli ba ta ji haushi ba. Da ita ce, abin da za ta tambaya ke nan. Ta karɓi makullin ta kai shi bakin tagar da ke waje kusa da ƙofar, ta nuna mata inda bakin inji ya cije shi ta gefe biyu, da siririn layi mai ƙyalli da ya bi haƙoransa daga farko har ƙarshe. Ta ce makullin da ya yi wata huɗu a jaka ba ya ƙyalli haka, yau aka ɗora shi a kan inji.

Malamar ta daɗe tana kallon layin. Sannan ta juya ta dubi ɗakinta, gado da akwati da tufafin da ta shanya a bayan ƙofa, kamar yau ta fara ganinsu. Ta buɗe ƙofar gaba ɗaya.

Ana cikin kwance tsohuwar kubar wakili ya hawo matakala, ya tambayi wanda ya ba da izinin taɓa ƙofar mutane. Mai Makulli ba ta ɗago daga aikinta ba. Ta tuna masa cewa bara ita ta canja ta ɗaki na takwas yana tsaye, har shi ya riƙe mata ƙofar, ba ta ji an yi maganar izini ba. Malamar ta ce in mai gidan hayar yana da magana, ya zo da kansa, kuma ya zo da makullin da aka yanka yau. Wakili ya ce shi bai san da wani makulli ba. Ya ɗan tsaya, hannunsa cikin aljihu, sannan ya sauka.

Da aka zo kan sabuwar kubar, malamar ta tambayi makulli nawa take zuwa da su, ta kuma tambaya ko akwai wanda yake saura a shago. Mai Makulli ta miƙa mata kwalin ta ce ta duba liƙinsa, ta yage da hannunta. Uku ne a ciki. Mai Makulli ta ɗaura kubar, ta matse ƙusoshin, ta ce mai ɗaki ta shiga ta kulle ta ciki. Daga waje ta kama mariƙin ta girgiza da ƙarfinta, ta sa kafaɗa ta tura. Ƙofar ba ta motsa ba. Ta durƙusa ta tattara kayanta cikin akwati.