Yaya Makau Mai Sito Ya Riga Inna Fita

Ku yi mini afuwa da na tare ku da wannan rubutu. Ni ba ma'abociyar rubuta wa jama'a ba ce, karatuna na allo ne, bokon da na sani kuwa a ajin yaƙi da jahilci na tsinto shi. Larura ce ta sa, kuma zan faɗe ta kafin in ajiye alƙalami.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Makau Nasarawa Burkullu, mai kula da siton magani da kayan aiki a asibitin da ya yi wa hidima a nan Bukkuyum. Hawan jini ne ya kwantar da shi, bai daɗe yana jinya ba. Ya bar matarsa Bara'atu, da 'ya'ya, da ni ƙanwarsa, da mahaifiyarmu Inna, wadda shi ne ɗanta na fari.

Yaya, an hore mu da ambaton alherin mamatanmu, kuma naka ba sai an lalubo ba. Amma ba zan iya zancenka in tsallake satifiket ba, don kai ma ba ka taɓa tsallake shi ba. Ka sha zuwa Kaduna rubuta jarrabawar ƙwararru kan sayo kayan asibiti da adana su, ka sha dawowa kana cewa tambayoyin ne suka zo a karkace. Da Allah Ya nufa ka ci, sai ka sa aka yi wa takardar gilashi, ka rataye ta a zaure daidai inda baƙo zai ɗaga kai idan ya gama shan ruwa. Wanda bai ɗaga ba, ka yi masa gyaran murya.

Da takardar ka dawo mana da doka guda: abin da ya fara shiga sito, shi zai fara fita. A asibiti wannan doka ta yi rana. Lokacin da gubar dalma ta kwantar da yaran Sunke, ba a taɓa buɗe kwalinka aka tarar da ruɓaɓɓen magani a ƙasa ba. Ranar da aka kawo mutanen Zugu da raunuka bisa babura, auduga da bandeji da ruwan ƙari suna nan a jere, kai kuma kana tsaye bakin ƙofa kana miƙawa da hannunka har aka gama da na ƙarshe.

Sai dai, Allah Ya gafarta maka, dokar ba ta tsaya a asibiti ba, ta biyo ka gida.

Tun daga shekarar nan gidanka bai ƙara cin sabon gero ba. Na bana yana rumbu yana jiran layi, ana tuƙa na bara, kafin a kai ga na banan shi ma ya zama na bara. Goro kuwa, busasshen kake fara ci, ɗanyen ya bushe yana jira. Wani Bafulatani mai suna Manu, da ka taimaka wa matarsa ta samu jini, ya riƙa aiko maka da nono mai kyau. Kai kuma ka sa a ajiye shi bayan na jiya. Bara'atu ta ce ta yi shekaru ba ta san ɗanɗanon kindirmon da bai yi tsami ba. Da layya ta zo, tsohon ragon da ya riga kowa shiga garke ka kayar. Muka wuni muna tauna, Tsoho maƙwabcinka ya bar haƙori guda a cikin akushi, ya ce a saka shi a sito shi ma.

Mutum ɗaya ka keɓe. Kullum furar Inna ta sabon gero ce, kai da kanka kake ɗebowa. Na taɓa tsokanarka na ce, “Yaya, ina dokar?” Ka ce, “Sahura, Inna ba kaya ba ce.”

To, ga larurar da ta sa ni rubutu. Tun ranar da aka kai ka, Inna ta juya wa abinci baya. Ba ta ja da hukuncin Ubangiji, wallahi, carbinta yana hannunta, kuma ita take ba masu zuwa gaisuwa haƙuri. Sai dai idan na kawo koko ta tura shi gefe ta ce, “Ni na riga shi shigowa. Wanga mai sito shi da bakinai ya ce na farko shi ka fara fita. Mi zan ci in ƙara tare hanya?” Ko yanzu ba ta kama sunanka, kunyar ɗan fari ba ta bar ta ba.

Liman ya zo ya yi mata nasiha, ta saurara da ladabi, ta ce duk ta yarda, amma shi ba ma'aikacin sito ba ne. Na tuna mata maganarka, cewa ita ba kaya ba ce. Ta ce wannan a tsakar gida ka faɗe ta, babu hatimi. Sai Sa'idu mai ba da magani, abokin aikinka, ya durƙusa ya ce, “Inna, ai ko a sito ba a bin shigowa kaɗai. Ana duba ranar lalacewa da aka buga a jikin kwali. Wani ya zo jiya, amma ranarsa ta kusa, shi za a fara fitarwa, tsohon yana nan daram.” Inna ta ɗago ta dube shi, har na ga alamar zancen ya shige ta. Can ta ce, “Kai kana da takardar gilashin?” Sa'idu ya sunkuyar da kai, don bana ne zai sake gwada jarrabawar. Ta ce a ɗauke kokon.

Mun yi dariya, har da masu kuka. Amma zanen Inna ya fara yi mata yawa.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Makau. Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa amanar marasa lafiya da ka tsare ta tsaya maka ranar tsayuwa, Ya shayar da kai sabon ruwa daga tafkin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyya ga Bara'atu da yara, da abokan aikinka, da duk mutanen Nasarawa Burkullu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Roƙona ga waɗanda suka zauna aji da shi a Kaduna, ko duk mai riƙe da irin takardarsa a Anka ko Gummi: in abin da Sa'idu ya faɗa haka yake a karatunku, wani ya zo ya faɗa wa Inna da bakinsa, ya taho da takardar a hannu, cikin gilashinta. Kowa ya san gidan mai sito a Bukkuyum. Na ɗebo sabon gero na jiƙa. Don Allah ku ba ni amsa da wuri.

Sahura, ƙanwar marigayi