Ban Ɓoye Ƙauyen Uwata Ba

Wata ranar Laraba ce, sati biyu bayan babbar Sallah, ina da shekara tara, ƙaramin jirgi ya sauke mu ni da Ummata a Wamena, can cikin duwatsun Papua. Daga nan sai ƙafa. Tun hantsi muke hawa, ba mu isa ba sai bayan La'asar. Silifas ɗin da na saba yawo da shi a lungunan unguwarmu ta Mahjar ya tsinke tun a hawan farko, laka ta kama ni har ƙwauri, sanyi kuma yana ratsa ƙashina, ni da aka haifa a Jidda ban san bargo ba. Da muka kusa, girgije ya sauko har ƙasa, sai ga wata gajeriyar tsohuwa ta ɓullo daga cikinsa, ta rungume Umma tana kuka kamar mai waƙa. Ta miƙo min gasasshen dankali. Na duba hannun, na ga yatsu biyu guntaye, na ɓuya bayan Umma na ƙi karɓa. Ita ce Nene, kakata.

Umma 'yar wannan ƙauyen ce. Tana yarinya aka kai ta karatun addini a tsibirin Jawa, daga can aikin gida ya kawo ta Jidda, ta haɗu da Babana, Bahaushen Sudan mai aikin sito a unguwar Khumra. Shekarar nan kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya rufe harka, iƙamarmu, takardar izinin zama, ta ƙare, dole ni da Umma mu bar ƙasar har ya sami wani. Baba ba shi da kowa a Sudan, danginsa duk suna Jidda. Umma ta ce to ita tana da uwa.

Ƙauyen bukkoki ne zagayayyu, gajeru, masu jinkar ciyawa har kusa da ƙasa. Maza nasu daban, mata da yara namu daban. Babu lantarki, babu famfo, babu kanti ko ɗaya. Wuta ba ta mutuwa a tsakiyar ɗaki, hayaƙi ya kama gashina da kayana har na daina jin sa. Wasu tsofaffin maza ba sa sa wando, sai wani zunguru irin na ƙunshi da suke rufe tsiraici da shi, satin farko ban iya ɗaga kai ba. Da sassafe mata suke fita gona, kowace da jakar raga ta saƙa da ake kira noken, igiyarta a goshi, cikinta itace ko ganye ko jariri. Nene ta ba ni sanda mai tsini ta koya min tonon dankali a gangaren da tsayuwa ma aiki ce. "Tono babban, ki bar ƙananan, gobe ma za mu ci," haka take faɗa kullum, Umma tana fassara min, har na daina buƙatar fassarar. Da na gaya mata a gidan Baba sunansa dankalin Hausa, ta yi dariya har da hawaye, ta ce a gaishe da Hausawa amma dankali nata ne. Daga baya Umma ta gaya min yatsun nan, ita Nene aka yanke wa tana yarinya don makokin 'yan'uwanta biyu, kuma ita ce ta tsaya ta hana a taɓa na 'ya'yanta.

Makarantarmu ɗaki ɗaya ce ta katako. Malamin daga gari yake takowa, wani satin ya zo, wani satin ruwa ya hana shi, mu koma zamiya a gangare kan ɓawon ayaba, ko mu gangaro da kewayayyen kara muna jifansa da tsinke. Rabin danginmu Musulmi ne, rabi Kiristoci masu kiwon alade. Ranar biki akan haƙa rami biyu, a gasa duwatsu har su yi ja, a jera su da ciyawa da dankali. Rami ɗaya na aladensu, ɗaya na kajinmu, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki dutsen wancan ya sa a wannan ba.

A shekara ta biyu, lokacin da ruwa ya yi yawa, tari ya kama ni, zazzaɓi ya biyo, numfashi ya koma sai na yi kokawa da shi. Asibiti sai Wamena. Kogi ya cika, har ya cinye gefen gadar igiya da ake ƙetarewa. Dattawa suka ce a jira kwana biyu ruwa ya janye. Nene ta ce, "Ku jira. Mu mun tafi." Gari na wayewa aka shimfiɗa ciyawa da bargo cikin babban noken, aka naɗe ni a ciki kamar jaririya. Mata huɗu ne: Nene, Umma, Mama Marta 'yar ƙanwar Nene, da wata maƙwabciya da na manta sunanta, abin da yake damuna har yau. Suna karɓa-karɓa, wannan ta gaji ta sauke igiyar ta ɗora a goshin waccan. A bakin gada Umma ta tsaya, ta kasa takawa. Nene ta karɓe ni, ta taka igiyar da ƙafa ba takalmi. Ta ramukan ragar ina ganin ruwa ja yana tafasa a ƙasa, ina jin numfashinta a bayana, ga Umma tana salati, Mama Marta tana tata addu'ar. Ana kiran Magariba muka shiga gari. Likita ya ce ciwon huhu ne, da an ƙara kwana da sai dai haƙuri.

Bayan wata biyar takardunmu suka fito, muka dawo Jidda. Satin farko aka yi suna a gidan Gwaggo Hajara, yayar Baba, a Ammariyya. Tun a bakin ƙofa ta ja ni gefe. "In an tambaye ki, Jakarta kuka je, babban birni. Kin ji ko? Halas, shi ke nan." Amma magana ta riga ta zaga. Ana cikin shan shayi wata mata ta ce ta ji ƙasar Umma mutanen daji ne, tsirara suke yawo, har naman mutum suke ci, yaya aka yi ba su cinye yarinyar ba? Ɗaki ya ɗauki dariya. Umma ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta. Ni kuwa ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ba Jakarta muka je ba, ƙauyen kakata muka je, kan dutse, babu wuta babu mota, kuma mutanen dajin nan su suka goya ni yini guda suka ƙetare kogi da ni. Na ce, "Ke wa kika taɓa goyawa ko zuwa bakin titi?"

Gwaggo ta murɗe min kunne har ya yi kwana uku yana zafi, ta kai ƙara wajen Baba cewa na ci mutuncin babba. Baba ya saurara har ta gama. Ya ce rashin kunya dai na yi, zan je in ba da haƙuri, amma, ya tambaye ta, ƙarya na yi? Na je na ba matar haƙuri a kan tambayata ta ƙarshe, sauran maganar kuwa ban janye ko kalma ɗaya ba. Daga wannan satin Umma ta fara fita cefane da noken ɗinta a kan abaya, masu kallo su kalla.

Yau ina da 'ya'ya uku, muna zaune a bene mai na'urar sanyi, asibiti yana bayan gidanmu. Nene ta rasu ban koma ba. Ba na cewa ƙauyen aljanna ne. Har yanzu titi bai kai shi ba, har yanzu tari yana kashe yara, kuma abin yana ƙona min rai. Amma haushi daban, kunya daban. Jikar Mama Marta takan hau wani tudu inda waya ke kamawa ta kira ni, mu yi ta lalube, don yaren ya zube daga bakina, saura gaisuwa da sunayen abinci. In maganar ta ƙare mana, sai in ce ta juya wayar in ga gonakin, in yi ta kallo har layi ya yanke. Shekara biyu kacal na yi a can, amma a can na koyi ɗaga kai.