Tafin Hannu a Kan Injin Markaɗe

Da maigidana ya rasu, injin markaɗen da ke ƙofar gidanmu a Iku ya zama shi ne cinmu da shanmu. Ni kuwa ban iya komai a kansa ba sai faɗa da masu kawo markaɗe. Mutum uku na ɗauka aiki, duk suka gudu, wai ƙarar na fasa masu kai.

Wata safiya maƙwabciyata ta shigo da 'yarta, mace ta kusa talatin, kurma ce tun haihuwa. Ta ce, "Yaya, ki gwada ta don Allah. Duk shagon da ta je neman aiki a Madalla sadaka suke miƙa mata, ta dawo tana kukan takaici."

Na ce sati ɗaya. In aka kawo min ƙararta ko sau ɗaya, shi ke nan. Ba zan yi ƙarya ba, kunyar uwarta kawai na ji.

Matan unguwarmu jera robobi suke yi su tafi sabgarsu: waken ƙosai, geron kunu, tattasai, ga na wata Madam 'yar kudu mai alala da ba a taɓa burge ta. Ranar farko yarinyar nan ta tsare kowace mace, ta lakato ƙullun ta sa ta murza da yatsu, sai ta gyaɗa kai sannan ta sake ta. Daga ranar ba ta sake tambayar kowa laushin da take so ba. Har Madam ta daina mita, abin da ban taɓa gani ba.

Rana ta biyar aka kawo geron kunun suna, bokiti biyu. Ina wanki sai na ji inji ya yi tsit. Na fito da kumfa a hannu, ga kakar jariri tana masifa, ga layi har bakin kwata. Na ja igiya na tayar da shi. Yarinyar ta kashe. Na sake tayarwa, ta sake kashewa, ta tsaya a gabansa.

Kai, raina ya ɓaci! Ni da injin mijina? Na zazzaga mata masifa har muryata ta dushe, wai ni mai hankali, ina yi wa kurma ihu. Na nuna mata hanyar gidansu. Ta fahimta sarai, don na ga idonta ya cika da ƙwalla, amma ko gezau.

Sai ta kama wuyan hannuna, ta tayar da injin da kanta, ta ɗora tafina a jikinsa. Ni dai girgiza kawai na ji, irin ta kullum. Ta dube ni kamar mai kallon wadda ba ta san gari ba. Ta kashe shi, ta ɗebi ƙullun a kwano, ta zuba ruwa ta tsiyaye a hankali. A ƙasan kwanon ga wani baƙi-baƙi yana ƙyalli. Garin ƙarfe ne.

Bakanike ya zo ya kwance, ashe haƙorin injin ne ya tsage. Ya ce, "Hajiya, da an ci gaba, da ɓarɓashin ƙarfe mai jego za ta sha." Kakar jariri ta dafe ƙirji tana salati. Mu masu kunnuwa muna nan tsaye, ba wanda ya ji komai.

Kunya ta rufe ni. Ina so in ce wa yarinyar ta yi haƙuri, ban san ta yaya ba. Sai da na je wajen uwarta ta koya min da hannu, na dawo na yi shi a karkace. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta gyara min yatsuna.

Yanzu inji biyu ne, makullin rumfar yana hannunta, kuma ba bakaniken da ke taɓa ko noti sai ta yarda. Wallahi ina alfahari da ita.

Ni kuma shekarun zama kusa da ƙarar sun cinye min kunne. Jikokina sai sun maimaita magana sau uku, su gaji su tashi su bar ni. Da la'asar in ta kashe inji takan jawo kujera kusa da ni, mu yi ta hira da hannu har a kira magariba. Duk unguwar nan ita kaɗai ce ba na ce wa, "Me kika ce?"