Kayak ɗin Ammu Usman

Cikin shekarun da na yi ina aikin ba da hayar kayak a bakin tekun Ubhur, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce Juma'ar da aka kawo mana Ammu Usman.

Kayak ƙaramin kwale-kwale ne na mutum ɗaya, kuma namu iri biyu ne. Akwai mai daffa, wato farantin da ke bayan jirgi, ana juya shi da matakai biyu: ka taka dama ya yi dama, ka taka hagu ya yi hagu. Akwai kuma mai sikeg, ɗan faifai da ake saukarwa ƙarƙashin jirgi da hannu. Shi ba ya juyawa, miƙar da jirgi kawai yake yi idan iska ta bugo ta gefe. Dokarmu ita ce baƙo mai daffa ake ba shi.

Ammu Usman, wato Baffa Usman, Bahaushen Sudan ne mazaunin unguwar Ruwais, tsohon masunci. Ciwon sukari ya sa an yanke masa ƙafar hagu. 'Yarsa ce ta kawo shi, ta ce shekara biyu rabonsa da ruwa.

Mudir, wato manajan kamfaninmu, ya dubi sandunansa ya ce, "Halas, a bar maganar, ya Ammu, da ƙafa ɗaya zagaye kawai za ka yi ta yi."

Na ce, "A ba shi mai sikeg, ni zan bi shi."

Ya ce, "In wani abu ya faru, kai za ka amsa."

Na yarda, ko da yake iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a hannun kamfanin take.

Mun ɗan yi nisa sai iskar arewa ta taso, kan jirginsa ya fara karkata wajenta. Na ce, "Ammu, sauke sikeg rabi." Ya ja maɓallin sikeg ɗin, jirgi ya miƙe. Da muka zo juyowa, tun ban yi magana ba ya ɗaga sikeg, ya kishingiɗar da jirgin da ƙugu, ya kewayo sumul. Ni sai da na yi watanni kafin na iya haka.

Ya ce, "Ɗana, ƙafa suka yanke, ba su taɓa sauran ba. Yalla, mu ƙara gaba."

Mun yi awa guda. 'Yarsa na tsaye a bakin ruwa har muka fito.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kada ku zaɓa wa mutum jirgi daga kallonsa. Ku fara tambayarsa abin da ya sani game da teku, kuma ku tsaya ku ji amsar.