Baffa Ladan da Takardar Auren Kakanmu

Duk wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure a unguwarmu a Tambuwal ya san ba a raba goro sai Baffa Ladan ya rufe littafinsa. Liman na shafa fatiha, shi kuma yana zaro biro daga cikin hula. Sunan ango, sunan amarya, waliyyai, shaidu, har da kakanni. Tun yana malamin kotu ya saba da rubutun aure, ya yi ritaya amma hannunsa bai yi ba.

Ni ne ɗan ƙaninsa, kuma ni ya fi wahalarwa. Ranar aurena ina zaune cikin babbar riga ina ta ƙamshi, sai ya matso da littafi.

"Ango, sunan uban kakanka?"

Na dubi abokaina, suka dubi sama.

"La ilaha illallahu! Jama'a, ku zo ku gani! Malamin makaranta, shina koya ma ɗiyan mutane tarihin duniya, bai san wanda yah haifi kakanshi ba!"

Har surukina sai da ya yi dariya. Wallahi gumin da na yi ranar, rigar ba ta sake komawa daidai ba.

Kunyar nan ce ta sa na ƙudurta sai na rubuta tarihin gidanmu. Na je ɗakin Baffa, inda yake ajiye wani akwatin ƙarfe cike da littattafai da tsofaffin takardun aure. Na zaro waya zan ɗauki hoto, ya dafe murfin.

"Mi za ka yi?"

"Hoto kawai, Baffa."

"Hasken abin ga shina cin tawada. Tafi ka wanke hannu, ka zo ka kwafa."

Ya miƙo mini guntun fensir da bai kai ɗan yatsa ba. Na ce ina da biro uku a aljihu. Ya ce wannan bai ƙare ba tukuna. Asabar shida na yi ina kwafa, yana zaune a kaina yana gyara mini rubutu kamar ɗan aji biyu. Ranar da fensirin ya gagari riƙo, ya soka shi cikin karan dawa ya miƙo mini.

To, a lokacin ne aka naɗa ni sakataren taron zumuncin dangi. Tun muna yara muke jin ana cewa mu jikokin Umaru Mayaƙi ne. Ban tambayi kowa ba, na je aka buga kalanda, da manyan baƙaƙe: ZURI'AR UMARU MAYAƘI, ga takubba biyu a gicciye. Na kai wa Baffa ɗaya ina jiran yabo. Ya juya ta gaba da baya.

"Wane yaƙi yay yi?"

"Haka dai ake faɗi."

"Ake faɗi! Ɗauko babur ɗinka, Kebbe za mu."

A Kebbe muna da wasu dangi da mu 'yan Tambuwal muka daɗe da yin watsi da su, wai mutanen ƙauye. Damina ce, hanya duk taɓo. Duk gangaren da muka zo sai ya bugi kafaɗata: "Kashe inji, Allah ya ba mu gangare kyauta!" A gangare na uku muka zarce cikin kwata. Ni na yi wanka da laka, shi kuwa ya miƙe da littafinsa sama da kai, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Muka isa gidan Inna Hajo, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a wancan ɓangaren. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Ladan, wanga shi na ɗan bokon naku?" Sannan ta buɗe wata tsohuwar kwalla, ta warware tsumma, ta fito da takarda ja-ja ta ajami. Takardar aure ce, limamin garin na wancan zamani ne ya rubuta ta. Baffa ya ce in karanta. Na yi ta kame-kame, na ce laka ce ta shiga idona. Ya karɓa, ya gyara murya:

"An ɗaura auren Umaru mai jaki, baƙo, da Aisa ɗiyar Bawa."

"Mayaƙi," na ce.

"Mai jaki."

Inna Hajo ta tuntsire da dariya har da tari. "Gishiri shika kawowa bisa jaki! Ba shi da kowa garin ga. Kakana Bawa yag ga amanarshi, yab ba shi ɗaki, yab ba shi ɗiya. Ku kau kunka koma Tambuwal kunka manta da mu."

A hanyar dawowa na roƙi Baffa mu bar maganar tsakaninmu, tunda an riga an raba kalanda. Ya ce, "Kai za ka karanta ta gaban kowa. Takubban nan kuma ka cire, ka sa jaki."

Haka aka yi. Na tsaya gaban dangi, na karanta. Ina gamawa, sai wani dattijo ya ce, "Shi ya sa duk gidan nan ba mai jin magana!" Wuri ya kaure da dariya. Mutanen Kebbe mota biyu suka zo ranar, karo na farko a rayuwata, kuma tun daga nan ba a yin biki ko suna babu su. Ni kuwa har yau in na shiga kasuwa sai wani ya ce, "Sannu Mayaƙi, ina ka ɗaure dabbar?"

Da Baffa ya rasu, ni aka sa na kwashe kayansa. A aljihun rigar da ya kwanta ciwo da ita na sami wata takarda a naɗe cikin leda, ta yi laushi don yawan buɗewa. Ta aurensa ce da Goggo Asabe, wadda ta riga shi rasuwa da shekaru masu yawa. Wannan bai taɓa sa ta cikin akwati ba, bai kuma taɓa nuna mini ba.

Allah ya jiƙan Baffa Ladan, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sada shi da Goggo a Aljanna. Amin.