Ranar da Yaya Ya Bar Mini Ruwa

A shekarar da shinkafa ta yi mini kyau, na sayar da rabinta na sayi hannun jari a wani kamfanin siminti. Yayana, wanda gonarsa ke manne da tawa a bayan Bunkure, bai hana ni ba. Cewa kawai ya yi shi bai gane dukiyar da ba a taɓa ta da hannu ba.

Na samu wani shafin intanet na kyauta da ke nuna farashi. In ya tashi ka ga kore, in ya faɗi ka ga ja. Daga nan na shiga uku. Ni da ko agogo ban cika dubawa ba, sai ga ni ina latsa waya kamar mai jiran haihuwa. Ga shi sabis ba ya kamawa a gona, sai an taka zuwa gadar babban kanal, hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu.

Ranar da rabon ruwa ya zagayo layinmu, Yaya zai je kasuwa sayen taki. Kwana huɗu ke nan da ya dasa tumatirinsa a kwami, wato ƙananan fangalolin da aka zagaye da kunya don su riƙe ruwa.

"Ka shayar mini da kwamin nan ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "Da ya cika ka toshe. Dashen bai kama ƙasa ba, in ruwa ya kwashe shi ba ni da wani irin."

"Kar ka damu, Yaya."

A lokacin kwana uku jarina yana ja, ko abinci ba na jin daɗinsa. Na buɗe ruwa, na cika kwami biyu lafiya. Da hantsi ya ɗaga sai zuciyata ta ce ai yanzu an buɗe kasuwar hannun jari a Legas. Na saki ruwa a na uku, na ce kafin ya cika na je na dawo.

A kan gada shafin ya tsaya yana ta juyawa. Da ya buɗe sai tallar man shafawa ta rufe shi. Na kawar da ita, wata ta fito. Ina jin ƙarar ruwa a ƙarƙashina, na san yadda yake gudu can, amma na ci gaba da latsa waya. Tsoro biyu nake ji, na kuma zaɓi na wayar.

Can farashin ya fito, ja, daidai da na jiya. Sai a ranar idona ya kai kan wani ƙaramin rubutu a ƙasa: ba sa sabunta farashi sai bayan an tashi kasuwa. Ashe tsayuwar banza na yi.

Da gudu na koma. Ruwa ya fasa kunya ya shafe kwamin gaba ɗaya. Yaya ya riga ni dawowa, buhun taki na kan mashin ɗinsa, shi kuma yana cikin ruwa, ya naɗe wando yana toshe ɓarakar da laka. Bai yi faɗa ba. Wallahi da mari ya yi mini da na fi jin sauƙi.

"Ya tashi?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Na jiya ne, Yaya. Bai motsa ba."

Ya tsamo dashe ɗaya da ke yawo a saman ruwa, ya duba shi, ya miƙo mini.

"To riƙe wannan. Shi ana taɓa shi."

Na karɓa, jijiyarsa na ɗigar da ruwan laka a kan wayar.